Gajerun itatuwan ado a tsakar gida: ku shuka, amma kada ku dafa

Yau za mu ɗan fita daga kantin magani mu leƙa tsakar gida.

Duk mai bin manyan titunan Abuja, Jos, Legas ko Ibadan ya saba ganin masu sayar da shuke-shuke sun jera tukwane a gefen hanya. A cikin kayansu akwai wasu 'yan gajerun itatuwa kore shar, masu faɗi a ƙasa da tsini a sama, waɗanda rani da damina ba sa kaɗe ganye. Masu sayarwa sukan haɗa su duka su kira su itacen Kirsimeti. Dangin fayin ne. Ba sa fure, irinsu yana cikin wani ƙwanso mai tauri, ganyensu kuma ko dai kamar allura ko kamar ɓawon kifi. Suna ƙawata gida, ba sa cin wuri, ba sa tara shara.

Sai dai mu mutane ne da muka saba duk abin da ya tsiro a gida yana da ranarsa: zogale a yi kwaɗo, darbejiya a yi sirace, lalle a ƙunsa. Waɗannan baƙin itatuwa ba sa cikin wannan sahu. Aikinsu ado ne, kuma wasunsu suna da dafi.

Wanne ya kamata ku saya?

Abin da ake nufi da gajere a nan shi ne mai jinkirin girma. Ƙungiyar masu renon irin waɗannan itatuwa ta Amurka tana kiran itace gajere idan tsawon da yake ƙarawa a shekara yana tsakanin santimita 2.5 zuwa 15. Da yawansu asalinsu reshe ɗaya ne da ya canja halitta a jikin babban itace, ya dunƙule ya ƙi tsawo, sai aka yanko shi aka yi masa aure kamar yadda ake wa mangwaro. Idan kun ga an rubuta "Nana" a takardar da ke jikin shuka, ba sunan mai ita ba ne. Da harshen Latin kalmar tana nufin wada.

Yawancin waɗanda kuke gani a hotunan intanet 'yan ƙasashen sanyi ne. Wanda ya fi shahara, mai kama da dala, an tsince shi ne a tsaunukan Albata ta ƙasar Kanada a 1904, kuma zafi irin na Abuja a watan Maris ƙone shi yake yi. Jos, mai tudun kusan mita 1,200, da tsaunin Mambila sun fi sauƙi ga dangin fayin, amma ko can ba a ƙanƙarar da irin wannan ya saba da ita. Wanda ya fi jure mana shi ne tuja 'yar asalin ƙasar Sin, mai ganye shimfiɗaɗɗe kamar mafici, musamman gajeriyar mai ruwan ɗorawa. Wasu nau'in junifa masu rarrafe a ƙasa su ma suna jure rana da ƙarancin ruwa.

Ku yi hattara da arokariya, mai rassa hawa-hawa kamar bene. A tukunya sai ku ɗauka wada ce, alhali a tsibirin Nofok inda ta fito takan wuce mita 50. Idan kuka dasa ta a gindin katanga ko ƙarƙashin wayar wuta, wata rana sai an kira mai sara. Ku tambayi mai sayarwa shekarun shukar da tsawon da za ta kai, ku kuma nemi ya nuna muku babbarta.

Dasawa da kulawa

Farkon damina ne lokacin dashe. Ku zaɓi wurin da yake samun ranar safe, ya samu inuwa bayan azahar. Abin da ya fi kashe su shi ne kwanciyar ruwa a saiwa, don haka ku cakuɗa ƙasa da yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen taki, tukunyar kuma ta kasance da huji a gindi. Kada ku binne gindin fiye da yadda yake a ledar da kuka saya. Kafin ban ruwa ku tura yatsa cikin ƙasar. Idan da danshi, ku bari sai gobe.

Farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunya yana tara ruwa, sauro kuwa cikin kwana 7 zuwa 10 yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Ku zubar da ruwan bayan kowane ban ruwa.

Wajen aski, ku tsaya a kan koren ganye. Tuja da junifa ba sa sake toho daga tsohon reshen da ya riga ya yi ƙwal, gurbin da kuka yanke da zurfi haka zai zauna. Sannan suna da ƙaro a jiki, busasshen ganyensu yana kama wuta da sauri. Ku nisanta su da janareta, kurfoti da tukunyar gas.

Da hunturu, idan ganye ya fara yin fari-fari, ku kaɗa reshe a kan farar takarda. In kun ga 'yan ɗige-ɗige suna motsi, ƙananan ƙwari ne masu son ƙura da bushewa. Fesa ruwa mai ƙarfi da safe, sau biyu ko uku a mako, yakan rage su ƙwarai. Don Allah kada ku ɗauko Sniper. Maganin gona ne mai haɗari ga numfashi da jijiyoyi, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan shaguna.

Inda lafiya ta shigo

Idan kuka murza ganyen tuja za ku ji ƙamshi mai daɗi, kuma ƙamshin nan ne yake yaudarar mutane su ce bari a jefa a ruwan sirace, a jiƙa, ko a zuba a kaskon turare. A man ganyen dangin tuja akwai sinadarin tujon, wanda idan ya yi yawa a jiki yake taɓa ƙwaƙwalwa ya kawo amai da jijjiga. Mai juna biyu, mai ciwon farfaɗiya da ƙananan yara su suka fi shiga haɗari. Wani nau'in junifa da ake kira sabina yana lalata ƙoda, yana jawo zubar jini. Ba za ku iya bambanta mai dafi da mara dafi da ido ba, saboda haka kada ku sha ko ɗaya.

Wani zai ce ai daga itace ake samun magani. Gaskiya ne, har ma a wannan dangin. Daga ɓawon itacen da Turawa ke kira yu, na yammacin Amurka, masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka fitar da sinadarin da suka bayyana tsarinsa a 1971. Sai a 1992 aka amince da shi a matsayin maganin sankarar ƙwan mace, da sunan Taxol. Shekara 21 ke nan ana gwaji da awo, kuma har yau a asibiti ake ba da shi ta jijiya, likita yana tsaye. Shi kuwa ɗanyen ganyen yu da ƙwallonsa zuciya suke tsayarwa. Masu 'yan'uwa a Ingila su ja kunnensu, domin can ana shinge da shi, jajayen 'ya'yansa kuma suna jan hankalin yara.

A nan gida, wanda ya fi kusa da mu shi ne sagu, mai kama da gajeren dabino, da ake jera shi tare da tuja a wajen masu sayarwa duk da ba danginsu ɗaya ba. Dukkan jikinsa dafi ne, ƙwallonsa ya fi, kuma hanta yake kamawa. Gidan da ke da mai rarrafe ko dabbobi, gara a haƙura da shi.

Ƙaron waɗannan itatuwa yana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, sai a sa safar hannu lokacin aski. Garin da manyansu ke saki a iska yana tayar da atishawa da asma, don haka kada a jera su a bakin tagar mai wannan lalura.

Idan yaro ya tauna ganye ko ƙwallo, ku cire abin da ya rage a bakinsa, ku kurkure masa da ruwa. Kada ku sa masa yatsa ya yi amai, kada ku ɗura masa manja ko madara. Manja ba ya kashe dafi, kuma yana iya sarƙe yaro ya gangara huhu. Ku karyo reshen shukar ku tafi da shi asibiti nan take, ku faɗi lokacin da abin ya faru. Akwai gawayi na musamman da ake bayarwa a asibiti, ba irin na girki ba, kuma ya fi aiki a cikin awa ɗaya ta farko.

Uwargida, ki gaya wa 'yan aiki da baƙin da suka zo daga gida cewa wannan shukar ta kallo ce. Maigida, ka rubuta sunan duk shukar da ka saya ka ajiye, domin ranar da za a tambaye ka a asibiti.

Allah Ya kare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.