Garmon: Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gida A Ƙauyukan Rasha

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon bikin ƙauye a Rasha, da wuya bai ga wani dattijo zaune a kan benci ba, ya rungume wani akwati a ƙirji yana ja yana matsewa, mata na rawa a gabansa. Wannan akwatin shi ake kira garmon. Tsakiyarsa zuga-zugi ne irin na maƙera, iskar da yake hurawa tana bi ta kan wasu siraran harsunan ƙarfe, su ke ba da sautin. Maɓallan hannun dama na fitar da waƙa, na hagu kuma na riƙe amo mai kauri da bugun rawa. Muryoyinsa ƙayyadaddu ne, kamar a ce fiyano ne aka cire masa kusan duk baƙaƙen maɓallai. Shi ya sa idan muryar mai waƙa ba ta zo daidai da shi ba, sai dai ta bi shi, ko a nemo wani garmon ɗin.

Ga Rashawa da yawa, wannan shi ne muryar ƙauye. To amma fa bai cika shekara 200 a ƙasar ba. A 1829 ne Cyrill Demian ya yi rajistar akodiyon a birnin Biyana na Ostiriya. Ba a jima ba, wajajen 1830, maƙeran Tula, garin da ya yi suna wajen ƙera bindigogi, suka fara kwaikwayon irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Ana ba da labarin wani maƙerin bindiga, Ivan Sizov, da ya sayo guda a babbar kasuwar Nizhni Novgorod, ya kwance shi, ya ƙera nasa. Daga nan kowane gari ya yi nasa gyaran. Mutanen Saratov suka liƙa masa ƙararrawa biyu. Na Livni suka tsawaita zuga-zugin, suka sa ko an ja ko an matse sauti ɗaya yake bayarwa. Wanda ya fi yaɗuwa a yau, khromka, maɓallai 25 gare shi a dama, 25 a hagu.

Masana kiɗa na ƙarshen ƙarni na 19 ba su yi murna da shi ba. A ganinsu kayan masana'anta ne mai hayaniya, ya zo ya danne dogayen waƙoƙin da mata ke rerawa murya bisa murya, ya kori tsofaffin kayan kiɗa irin su gudok mai tsirkiya da sarewar makiyaya. Kuma gaskiya ba ƙarya suka yi ba, an yi asara. Inda nake ganin sun yi kure shi ne zaton cewa abin da ya zo daga waje ba zai taɓa zama na gida ba. Ai a kan garmon ɗin nan ne chastushka ta yi ƙarfi, wato 'yar gajeriyar waƙa mai layi huɗu da ake tsarawa nan take, ta habaici, ta soyayya, ta zambo ga shugaban ƙauye. Saurayi ya jefa, budurwa ta mayar, makaɗi na tsakiya yana zuga su. Wannan kam ba Bajamushe ne ya kawo ta ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ma shi ne yadda ƙananan ƙabilun ƙasar, da yawansu Musulmi, suka karɓe shi ba tare da sun zama Rashawa ba. Tatar na yankin Kazan suna kaɗa nasu waƙoƙin da shi a bikin Sabantui. A tsaunukan Kokasas, Sarkasawa suka ba shi suna pshina, ya shiga gidan biki ya ture shichepshin, wani abu mai kama da gogenmu, kuma sau da yawa mata ne ke riƙe da shi. Checheniyawa da mutanen Dagistan suna taka rawar lezginka da shi. Kayan dai daga hannun masu rinjaye ya fito, amma harshen da yake magana da shi na masu gida ne.

Wanda ya yi wa garmon kishiya na gaske ɗan'uwansa ne, bayan, mai cikakkun muryoyi, wanda ya samu wannan sunan a 1907. Shi aka kai makarantun kiɗa, aka rubuta masa darussa. Garmon ya zauna a ƙauye, ana koyonsa da kunne wajen kawu ko maƙwabci. Da ƙauyuka suka fara watsewa matasa na tafiya birni, sai ya soma shiru. Gennadi Zavolokin ne ya ɗan farfaɗo da shi da shirinsa na talabijin da ya fara a 1986, yana yawo gari gari yana ɗauko direbobin tarakta da tsofaffin mata yana sa su gaban kyamara. Ya rasu a haɗarin mota a 2001, 'ya'yansa suka ci gaba da shirin.

Mu ma a zango muna irin wannan gardamar, ana cewa fiyano ya kashe kalangu. Ni dai ba na jin tsoron fiyanon. Yaron unguwa da ya iya shi, ya san amarya, ya san sunan kakarta, zai iya sa ta cikin waƙa, aikin da makaɗin garmon ke yi ke nan. Abin da ke damuna shi ne bikin da na je kwanan baya: manyan lasifikoki biyu, wani yaro da waya a hannu yana latsawa, tun daga la'asar har bayan isha'i ba a ambaci sunan kowa a gidan ba.