GUZURIN MAI ZUWA BAKIN TEKU

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina so in amsa wata tambaya da malaman makaranta da 'yan'uwana akawuna su ke yawan kawo mini nan Mazanya in hutu ya gabato. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa, yana so ya gangara Ikko, ya bi hanyar gaɓar teku ta Badagiri da Kwatano da Lome har Ankara ta ƙasar Gana, ko don ziyarar dangi ko don buɗe ido. To, yaya zai yi ya ci ya sha, ya yiwo tsaraba, ya komo bai ci bashi ba?

Da fari sai a san hanya. Mu da ke bakin iyaka da hanya biyu gare mu. Ɗaya ta Magama zuwa Maraɗi, a bi Ƙonni da Doso da Gaya, a haye Kwara a Malanbil, a miƙe har Kwatano. Amma tun juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 al'amarin gadar nan ya rikice, kada kowa ya bi ta sai ya tambayi direbobin da su ka fito can kwanan nan. Ta biyu ita ce ta Katsina a gangara Ilori da Badun har Ikko, wajen mil 700. Daga Ikko zuwa Ankara kuwa bai cika mil 300 ba, amma iyaka uku a ke hayewa, ta Seme, da ta Hilakonji, da ta Afulawo. Gaɓar Togo duka ba ta kai mil 40 ba. Gajartar tafiyar ita ke ruɗin mutane, su ɗauka kuɗi kaɗan za ta ci.

Abin da na ke so masu karatu su riƙe game da abinci shi ne wannan. Duk abin da ya hau lori ɗaya da kai daga Arewa, tsada zai yi maka a bakin teku, gama kuɗin mota da na dako da na shingayen hanya duk suna cikin farashinsa. Albasar Galmi da a ke sayarwa a Ankara da Kwatano ta ƙasar Tawa ce. Wake da gyaɗa da barkono da ragon da mahauci ya rataye, yawancinsu maƙwabtanmu ne da su ka riga mu isa. Balle tun da a ka janye tallafin mai a Mayu 2023, kuɗin lori ya hau, kome ya bi shi. Saboda haka irin waɗannan a gida a ke ƙulle su. A shiga kasuwar Jibiya ran Lahadi a sayi ƙuli-ƙuli, da yaji, da dabino, da aya, a sa uwargida ta yi dambun nama da dakuwa. Amma kada a wahalar da kai da ɗaukar garin kwaki, don can ne gidansa. Kifi, da rogo, da masara, da kwakwa, da abarba, da ayaba, su ne arahar mutanen gaɓa. Wanda ya nace sai tuwon dawa da miyar kuka a Lome, lalle zai samu, amma zai biya kuɗin marmari.

Akwai wani abu da mutumin Katsina ba ya zato, watau laima. Iskar teku jiƙaƙƙiya ce. Kilishin da zai yi wata a ɗakinka bai canja ba, can cikin 'yan kwanaki sai ka ga ya yi furfura, musamman in an ƙunshe shi a leda. A naɗe shi a takarda, a kuma fara cinye shi. Fura kuwa ba ta wannan tafiya, sai dai garinta.

In guzuri ya yi ƙasa, a nemi zango. Kakanninmu fatake da su ka yi ta zuwa Gwanja da Salaga neman goro ba su san masaukin haya ba, wurin fatoma su ke sauka, kuma zangunan da a ka kafa ta wannan hanya suna nan. Akwai Sabo a Badun, da Agege a Ikko, da unguwar Zongo a Kwatano, a Ankara kuwa ga Nima, ga Sabon Zango wanda Malam Bako ya kafa. A nan za ka sami koko da ƙosai da sassafe, har mutanen Gana da kansu kokon Hausa su ke ce masa. Shinkafa da waken da su ke kira wace, sunan ma daga bakinmu ya fito. Ga dokunu da soyayyen kifi, ƙunshi biyu sun riƙe ƙato har la'asar. Cin abinci a zango ya raba mutum da shakkar yanka, ya kuma raba shi da farashin baƙo, tun da ciniki da Hausa a ke yi. Mai abincin bakin tasha ta san ba za ta sake ganinka ba, ta cikin unguwa kuwa tana fatan ka komo gobe. Ruwa kaɗai ne ban yarda a yi masa ƙwauro ba. A sayi na leda ko na kwalba mai hatimi, gama kwana biyu na gudawa a baƙon gari sun fi kuɗin ruwan wata guda.

Sai batun canji, inda a ganina aljihu ya fi yoyo. Nijar da Benin da Togo duk sefa ɗaya su ke kashewa, kuma an ɗaure ta da kuɗin Turai, yuro guda sefa 655.957, tun 1999. Naira kuwa tun da a ka sake ta a Yuni 2023 ta tashi daga wajen 460 a dalar Amurka, ta haura 1,500 a Fabrairu 2024. Ma'anarsa, sefar da ka saya a Jibiya wurin ɗan canjin da ya san ubanka, ita za ka kashe a Kwatano da Lome ba tare da ka sake canji ba. Ko wane canji da ladansa, kuma na bakin iyaka, inda mota ke jiranka direba na tsawa, shi ya fi ko wanne yanka. Sidin Gana kaɗai ya rage, shi ma a canja na mota a Afulawo, saura sai an shiga gari an ji farashi wurin mutum biyu ko uku. A roƙi ƙananan takardu, don mai talla ba ta da canjin sefa 10,000, in kuwa ta rasa sai ta cika maka da abin da ba ka so.

A lura da lissafi kuma. Mutanen Nijar, waɗanda su ke da yawa a zangunan gaɓa, da dala su ke ƙirga, dala guda sefa 5. In ya ce dala ashirin, sefa 100 ke nan. Jikarsu sefa 1,000 ce, alhali jakar da mu ka gada naira 200 ce. A Gana kuma an yanke sifiri huɗu daga kuɗinsu a 2007, amma akwai 'yan kasuwar da bakinsu bai bar tsohon lissafi ba, su ce dubu goma suna nufin sidi guda. Malamin da ke koya wa yara lissafi kada ya ji kunyar cewa a rubuta masa a takarda.

Tsaraba a komowa a ke sayenta, ba a tafiya ba, don a san abin da ya rage, kada kuma a biya wa kaya kuɗin mota sau biyu. Shinkafar waje dai a ƙyale ta ko da ta yi araha. An hana shigo da ita ta iyakar ƙasa tun 2016, mu mutanen Jibiya ba sai an ba mu labarin abin da ke samun buhunta a hannun kwastan ba. Atamfa ita ce ta yi wa Lome suna, amma a san awonsu: cikakken turmi yadi 12 ne, rabi yadi 6, zane guda yadi 2. Ba duk mai kama da 'yar Holan ce 'yar Holan ba, ta Sin ta cika ko'ina, irinta kuma tana jibge a Kantin Kwari a Kano. Kafin a tashi a tambayi kuɗinta a gida a rubuta, in bambancin bai taka kara ya karya ba a bar musu abarsu. Goro a dakata sai Agege ko Shagamu, ya fi kusa da gida, bai kuma haye iyaka ba. Manja da busasshen kifi su ne tsarabar da uwargida za ta fi yabawa.

Takardu su ma kuɗin abinci ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya kwana 90 a waɗannan ƙasashe uku ba biza, amma sai da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin allurar shawara. Wanda ya isa Seme babu katin nan, abin da zai bari a wurin ya isa ya ciyar da shi kwana da kwanaki. A yi allurar aƙalla kwana 10 kafin ranar tashi, don sai bayan haka katin ke fara aiki.

Naku,
Akawu, Mazanya.