Musun Lokacin Tara: Mu Ji Kiɗa, Mu Kuma Ji Juna

Kullum aka tashi tara, sai mu yi dandazo a gindin darbejiya ana tafka musu: tsakanin Nirvana da Linkin Park, wa ya fi iya kiɗa? Yawancinmu a fim muka fara jin waɗannan mawaƙan rok na Amurka. Da waƙar Linkin Park aka rufe Transformers na 2007, sannan The Batman na 2022 ya farfaɗo da wata waƙar Nirvana ta 1991, wadda ta girme mu nesa ba kusa ba.

A ganinmu wannan hira ba laifi ba ce. Inda gizo ke saƙa shi ne, muna yaba amon jita da ganga, amma ba mu tsaya mun fahimci abin da ake faɗa ba. Da yawa daga waƙoƙin nan kuka ne na kaɗaici da ƙuncin zuciya. Kurt Cobain, jagoran Nirvana, ya kashe kansa a 1994 yana ɗan shekara 27. Chester Bennington na Linkin Park ma haka ya yi a 2017. Suna da kuɗi ba su share musu hawaye ba.

Don haka in muka ga ɗan ajinmu ya janye daga cikinmu, kullum shi kaɗai yana nanata irin waɗannan waƙoƙi, kada mu yi masa ba'a. Mu zauna kusa da shi mu tambaye shi ko lafiya. In abin ya fi ƙarfinmu, mu sanar da malamin ajinmu.

Malamanmu, ku ma kafin ku watsa taron, don Allah ku ɗan saurare mu.