Raddi Ga Masu Haɗa Gudu Biyu A Ma'auni Ɗaya

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin ɗaliban kimiyya, har da wasu masu koyar da su, cewa matsakaicin gudu da matsakaicin gudu mai alƙibla abu ɗaya ne, malaman lissafi ne kawai suka raba su don wahalar da yara. Hujjojinsu uku ne, kuma hanyar Maijirgi zuwa Tasawa ta isa a auna su.

Hujjarsu ta farko ita ce, duka biyun nisa ake rabawa da lokaci, saboda haka amsa ɗaya za su bayar. Kuskuren yana cikin abin da ake rabawa. Matsakaicin gudu yana ƙirga duk tsawon hanyar da taya ta taka. Mai alƙibla kuwa tazarar da ke tsakanin mafari da matsaya yake dubawa, tare da ɓangaren da aka nufa. Mu ƙaddara tafiyar kilomita 20 ce. Ɗan kabu-kabu ya tashi daga Maijirgi ya yi yamma, ya isa Tasawa cikin minti 20, ya ɗauko buhun hatsi ya komo a hankali cikin minti 40. Ya ci kilomita 40 cikin awa guda, matsakaicin gudunsa 40 ke nan. Amma inda ya tashi nan ya sauka, don haka gudunsa mai alƙibla sifiri ne. Wanda ya ce zuwa 60 ne, dawowa 30, don haka matsakaici 45, shi ma ya kauce, domin dawowar ta ci ninkin lokacin zuwan.

Ta biyu, sukan ce sifirin nan wasa da hankali ne, tunda mai ya ƙone, taya ta ci ƙasa. Gaskiya ne mai ya ƙone, kuma mai lissafin kuɗin mai tsawon hanya zai bi. Sai dai sifirin wata tambaya yake amsawa: bayan awa guda, ina mutumin nan ya gusa? Amsa ita ce ko taku ɗaya bai gusa ba.

Ta uku, wai alƙibla ado ce da ba ta da amfani a aikace. Manomin gero ma ba zai yarda da wannan ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa da ƙura, ta damina kuwa daga kudu maso yamma take kawo laima. Ko ƙarfinsu ya zo ɗaya, wa zai ce iska ɗaya ce? Dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ma a kan wannan suka tsaya: sauya alƙibla yana buƙatar ƙarfi kamar yadda ƙara sauri yake buƙata. Shi ya sa motar Damagaram in ta sha kwana, fasinjoji ke kwantowa gefe guda alhali allurar gudu ba ta motsa ba.

Wuri ɗaya ne maganarsu ta yi daidai: tafiya a miƙe, ba kwana ba komowa. Nan adadin biyu sukan haɗu. Da zarar hanya ta lanƙwasa, mai alƙibla zai gaza ɗan'uwansa, kuma ba ya taɓa wuce shi. Ɗalibin da aka koya masa cewa ɗaya suke zai ci tambayar miƙaƙƙiyar hanya, ya faɗi duk sauran.