Wa Ya Riƙe Wa Bature Bindiga?

Jama'a, duk mai son ya san yadda aka ci ƙasar nan, ya tafi Zungeru a bakin kogin Kaduna. Nan ne Gwamna Lugga ya kafa hedkwatarsa a 1902, da barikin soja da kurkuku, har aka ƙaura zuwa Kaduna a 1917. Na je can kwanan baya. Abin da ya ragu sai kangaye da ginshiƙai, ciyawa ta cinye su, awaki suna kiwo inda dā ake fareti.

To, ga tambaya. Turawa nawa ne suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903? Ba su kai 50 ba. Sauran, mutum fiye da 700, baƙar fata ne, da yawansu Hausawa. Su suka ɗauki bindiga, talakawa kuwa suka ɗauki kaya a ka. Haka aka yi a Sakkwato cikin Maris na shekaran nan, haka kuma a Satiru a 1906. Watau Bature ya kawo igwa da umurni, hannuwan kuwa namu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da ya gama yaƙi, sai ya jingine bindiga ya kama en'e, da dogari, da haraji. Talaka ya daina ganin soja, amma bai daina jin tsoro ba. Wannan gado shi ne bai rushe tare da ginin Zungeru ba.

Kada kuma a ce labarin dā ne. A 1960, shekarar mulkin kai, gwamnatin Nijeriya ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ta ba jiragen yaƙinsu hanya a ƙasarmu. Ɗalibai da 'yan hamayya suka tashi tsaye, sai da aka soke ta a 1962. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun sallami sojan Faransa a 2023, shekara 63 bayan samun 'yanci. Amurka ta bar sansaninta na Agadas a 2024, amma cikin wannan shekara sojan Rasha suka sauka Yamai. Canja ubangida ba 'yanci ba ne.

Saboda haka ra'ayinmu a fili ya ke. Baƙo ba ya kafa bariki sai ɗan gida ya sa masa hannu. Duk wata yarjejeniyar soja da ƙasar waje, lalle a kawo ta gaban majalisa, a karanta, a fassara ta da harshen da talaka ke ji. Wanda ya ɓoye takarda, akwai abin da ya ke tsoro a cikinta.

'Yan'uwa, ku tambayi wakilanku tun ba a sa hannu ba, gama ku da 'ya'yanku za ku ɗauki kayan.