Kafin a Ɗaura wa Kwalele Sirdi a Gaban Kyamara

Kankiya da Kusada da Ingawa kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai ta Tarayya, sai dai akwai wani gadon da ya haɗa su wanda ya girmi siyasar mazaɓa. A 1951 aka buga Iliya Ɗan Maiƙarfi a Zariya, da sunan Malam Ahmadu Ingawa a bangonsa. Duk dattijon da ya yi firamare a wannan yanki a zamanin da ake karanta littattafan hira a aji, da wuya a ambaci Iliya bai ɗora da sunan dokinsa Kwalele ba. Ya san yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, ya san baƙin da ya sami lafiya da ƙarfi ta hannunsu, ya san hidimar da ya yi wa Sarki Waldima na birnin Kib.

Jikokin wannan dattijo kuwa a waya suke samun jarumansu. Yaro ya kai wayarsa shagon masu tura fina-finai, a zuba masa Baahubali ko wani fim ɗin yaƙi na Sin, irin waɗanda su Algaita ke juyewa zuwa Hausa a Kano. Daga nan ne tambaya ke tasowa a teburin mai shayi da shafukan Facebook: mu ina namu? Me ya hana a fito da Iliya, ko Ganɗoki, ko Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, da irin wannan ƙasaita? Kuma bakin da ya yi tambayar, shi ne zai fara cewa “ai ba haka yake a littafi ba” ranar da aka fito da fim ɗin.

Ya kamata a yi waɗannan fina-finai. Amma duk furodusan da ke ganin kuɗin siddabarun kwamfuta ne kaɗai ya tsaya tsakaninsa da su, bai gane inda gizo ke saƙar ba. Abin da masu karatu ke kishi a waɗannan littattafai shi ne bakin da aka ba da labarin da shi da halin mutanen da ke ciki. Wanda ya riƙe waɗannan biyu zai iya yanke babi guda a yafe masa. Wanda ya sake su, ko ya bi littafin shafi bayan shafi, ba zai tsira ba.

Hujjar farko tana cikin tarihin littattafan kansu. A 1933 Rupert East, jami’in da ke kula da Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar ƙaga labarai da Hausar boko. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina a lokacin, shekarunsa 22. Bai ɓoye cewa ya amfana da Muƙamat Hariri ba, littafin Larabci da ke cike da wayon ɗan duniya mai yawo gari gari. Da ya zo rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, sai ya ɗebo daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamusawa na ’yan’uwan nan Grimm, da labarin aku mai hira na ƙasar Indiya, ya narka su har Bahaushe ya ɗauka a zauren kakansa aka haife su.

Haka Ahmadu Ingawa ya yi. Asalin Iliya gwarzo ne na tsofaffin waƙoƙin bakan Rashawa, Ilya Muromets, wanda ya yi wa Sarki Vladimir na Kiev yaƙi. Ingawa ya ɗauko shi, ya sanya masa tunanin Musulmi da kirarin Hausa, ya ɗora shi a kan doki mai sunan gida. Da a ce wani mai kishin asali ya tsaya a kansa yana cewa kada ya taɓa komai, da yau babu wanda ya san Iliya a Kusada. Ke nan mai kishin littafi da ke haramta kowane canji yana haramta hanyar da marubucin da yake karewa ya bi.

Sai dai wannan bai wanke masu fim ba, domin an taɓa gwadawa, kuma akwai darasi a gwajin. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim. Fim ɗin ya ɓace wa idon jama’a shekaru da dama, sai da aka gano shi a wani tsohon ma’ajin fina-finai a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018, alhali littafin bai taɓa barin makarantu ba. A ƙarshen shekarun 1980 Ramalan Nuhu ya yi fim ɗin Ruwan Bagaja, gidan talabijin na NTA Kaduna kuma ya shirya Magana Jari Ce kashi kashi. Waɗannan ayyuka na cikin abin da ake tunawa da marigayi ɗan wasa Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. Magana Jari Ce na NTA da Turanci aka watsa shi domin dukan Nijeriya ta gani, kuma ya kai sunan Imam gidajen da ba su taɓa jin sa ba. Amma wanda ya san littafin da Hausa ya san abin da ya rage a baya: fada tana nan, Waziri da makircinsa suna nan, aku yana nan, sai dai zaƙin bakin da ya sa aku ya iya tsare Musa ɗan Sarki dare bayan dare ba ya bin fassara.

Ba mu kaɗai ke wannan rigima ba. Peter Jackson ya mayar da The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien fina-finai uku tsakanin 2001 da 2003. Ya cire Tom Bombadil ɗungurungum, ya sauya halin Faramir, masu kishin littafin suka yi ta ƙorafi, ɗan marubucin ma, Christopher Tolkien, ya fito fili a 2012 ya nuna ɓacin ransa. Duk da haka na ukun ya ci kyautar Oscar 11, kuma akasarin masu karatu sun karɓi aikin, domin nauyin amana da tsoron mulki da ke cikin littafin sun iso allo da ransu. Da Jackson ɗin nan ya ɗauko The Hobbit, ɗan littafi guda, ya ja shi ya zama fina-finai uku tsakanin 2012 da 2014, har da cusa soyayyar da Tolkien bai rubuta ba, sai ƙorafin ya fi na baya tsanani. Ursula Le Guin ta yi tir a rubuce da shirin talabijin da aka yi da littattafanta na Earthsea a 2004, saboda an mayar da jarumin da ta siffanta da duhun fata Bature. Michael Ende na Jamus har kotu ya je a kan fim ɗin The NeverEnding Story na 1984 da aka yi da littafinsa, bai yi nasara ba, ya sa aka cire sunansa daga farkon fim ɗin.

Idan aka jera waɗannan, za a ga ragi bai cika tayar da ƙura kamar ƙari da sauya hali ba. A nan ne Kannywood ya kamata ta yi hattara, domin al’adarta ta ƙari ce. Tun bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990 masana’antar ta ginu a kan soyayya da rawa da waƙa, kuma littattafan da ta fi juyawa na soyayya da zaman aure ne, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Hannun da ya saba da haka, da an ba shi Ganɗoki, abin da zai fara nema shi ne budurwar da za ta yi waƙa da Garba Gagare ɗan Ganɗoki a cikin lambu. Ranar da aka yi wannan, mai cewa “sun ɓata labarin” ya yi gaskiya.

A duba Ruwan Bagaja. Ƙashin bayansa ɗan kaɗan ne: an wulaƙanta Liman a fada don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki, Alhaji Imam ya ɗauki alkawarin samo ruwan, ya yi shekaru yana yawo, ya shiga ƙasar aljannu, ya dawo da shi. Amma ba don ruwan ake komawa littafin ba. Ana komawa ne don Malam Zurƙe ɗan Muhamman, don yadda shi da Alhaji Imam ke haɗuwa gari bayan gari, wannan ya shirya wa wancan gadar zare, wancan ya rama. Kuma Alhaji Imam da bakinsa yake ba Koje Sarkin Labari labarin, yana kambama kansa, mai karatu yana dariya don ya san akwai gishiri a ciki. Marubucin fim da ya zubar da wannan murya, ya nuna abubuwan kamar rahoton gaskiya, ya kashe rabin dariyar tun kafin a kunna kyamara. Dole a bar mai ba da labari a zaune a zaurensa, a riƙa fita ana dawowa wurinsa, a kuma nemo ɗan wasan da Hausa ta zauna a bakinsa.

Batun siddabaru kuwa, gara a faɗa wa juna gaskiya. Rashawa sun yi fim ɗin Ilya Muromets tun 1956, Aleksandr Ptushko ya ba da umarni, da dukiyar gwamnatin Tarayyar Sobiyet a bayansa, da dubban mahaya da dodo mai kai uku yana feshin wuta. Yaron Kankiya da ya ga ambaliyar mayaƙa a Baahubali idonsa ya riga ya buɗe. Aljanin da aka haɗa da araha a kwamfuta dariya zai ba shi a inda ake son ya razana. Daskin da Riɗi na kamfanin Sarauniya ya burge mutane a ƙarshen shekarun 1990 da dabarun da ake da su a lokacin, amma masu kallon yau sun wuce nan. Mafita ita ce a rage nuna abin al’ajabi, a bar duhu da sauti da fuskar mai tsoro su yi aikin, a kashe kuɗin a inda muka fi kowa.

Muna kuwa da inda muka fi kowa. Duk Sallah hakiman Masarautar Katsina, har da na Kankiya da Kusada, suna fitowa hawa da dawakai da lifidi da sulke da kwalkwali da ’yan baka da masu kakaki da algaita. Abin da wasu ƙasashe ke kashe miliyoyi su ƙera na bogi, mu yana rataye a zaurukan sarauta, masu ɗinka shi da masu hawa da shi suna raye. Akwai kuma labarai da yawa a Magana Jari Ce da ba su bukatar komai sai tsakar gida. Labarin Kalala da Kalalatu kaji biyu ne da baƙo ɗaya da wuƙar da ake wasawa, da matar da ta san abin da za ta raɗa wa baƙon ya ranta a na kare. Wanda ya kasa sa mutane dariya da wannan, kada a ba shi amanar Iliya.

Akwai inda canji ya zama tilas, kuma a nan masu kishin littafi ne za su yi haƙuri. Abin da ido ya karanta ya wuce, idan aka sa masa fuska da rawani a allo nauyinsa daban ne. Malami mai damfara irin Zurƙe, ko barkwancin ƙabilu da na ƙauyawa da ya cika littattafan shekarun 1930, ko yaƙe-yaƙen Ganɗoki a ƙasashen da ya musuluntar da kaifin takobi, duk sai an auna su kafin su je gaban Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ke aiki tun 2001, da gaban masu kallon da ba su san littafin ba. Aunawa ba ta nufin a mayar da Zurƙe salihi. A bar shi da wayonsa, a dai tabbatar mai kallo ya gane shi ake yi wa dariya, malanta tana gefe da mutuncinta.

Sannan littattafan nan suna da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Imam ya rasu a 1981, ke nan ayyukansa suna cikin kariya har 2051, kuma kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne ya daɗe yana buga su. Furodusan da ya tsallake iyalan marubuci da mabugi ya fara aikinsa da rigimar da ta fi ta masu kallo tsada. Haka abin yake ga marubutan littattafan yaƙi na wannan zamani irin su Abdul’aziz Sani Madakin Gini, waɗanda suka riga suka tara masu karatu da za su bi fim ɗin da ƙafarsu.

Wanda zai fara, ya fara da shiri mai dogon zango, domin Iliya da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce duk a yanke suke tashi guda guda, kuma YouTube da Arewa24 sun riga sun koya wa mutane jiran mako. Ya ba rubutun watanni. Ya kai shi ga malaman Hausa na Jami’ar Umaru Musa ’Yar’aduwa da ke Katsina ko na Jami’ar Tarayya ta Dutsin-Ma su duba harshen. Idan ya haɗa kashi na farko, ya kawo shi wani gidan kallo a Kankiya ko Kusada, ya zaunar da tsofaffin malaman firamare da suka koyar da littafin a layin gaba, samarin da ba su taɓa buɗe shi ba a baya, ya lura da inda kowane ɓangare ya yi dariya da inda ya yi tsaki, sannan ya koma ɗakin tace hoto ya gyara kafin ya ɗauki kashi na biyu.