Laifin Ingilishi Ne, Ko Sakacin Uba?

Ya ku iyayen Damagaram, daga Birni har Zango, ina da ja da masu cewa a janye yara daga darasin Ingilishi don ana karantar da su haƙƙin ɗan ƙasa, 'yancin ɗan Adam da mu'amalar saurayi da budurwa.

Tun 2025 doka ta ayyana Hausa harshen ƙasar Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Wanda bai iya su ba, wani ne zai karanta masa takardar da zai sa wa hannu. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa. Harshe ƙwarya ne, abin da aka zuba ake sha.

Ga inda wajibi yake: bayan Magariba, ka zaunar da ɗanka ya fassara maka darasin da Hausa. Abin da ya dace da Shari'a, kamar haƙƙin mace da maraya, ka ƙarfafa shi. Wanda ya saɓa wa kunya, ka gyara da hujja, ba da tsawa ba.

Ranar Ƙiyama kai za a fara tambaya kiwon gidanka, kafin malamin aji. Allah Ya shirya mana zuri'a.